Daga Dufuna zuwa Daima: Abin da tonon kufai ya bayyana game da rayuwar mutanen farko a yankin Tafkin Chadi

A watan Mayun 1987, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya domin shayar da dabbobinsa a gefen ƙauyen Dufuna, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kimanin mita biyar. Maimakon ya sassare shi ya ci gaba da haƙarsa, sai ya dakata ya sanar da dagaci, daga nan labari ya kai ga hukuma.

Bayan shekara bakwai, a 1994, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin baki ɗaya. Abin da ya bayyana shi ne kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, wanda aka fafe daga gungumen itacen maɗaci guda. Gwajin da aka yi masa a ɗakunan bincike biyu na Jamus ya nuna cewa ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka, kuma yana cikin mafiya daɗewa a duniya.

Sunan Dufuna ya shahara, amma kwale-kwalen mafarin labari ne kawai. A filayen Borno da Yobe akwai tuddan kufai masu ɗimbin yawa, waɗanda binciken da aka yi a kansu tun daga shekarun 1960 ya nuna yadda mutanen yankin suka yi ta sauya hanyar cin abincinsu, daga su da farauta zuwa kiwo, daga kiwo zuwa noman gero, daga noma zuwa kafa manyan garuruwa. Kusan duk wannan sani ya fito ne daga abubuwan da mai wucewa ba zai ko kalla ba: tsingaro, ƙasusuwa, gawayi da ƙaiƙayi.

Lokacin da Maiduguri take bakin tafki

Domin a fahimci dalilin samun jirgin ruwa a wurin da yau ake wahalar ruwan sha, sai an san yadda yanayin yankin yake a wancan zamani. Shekara 7,000 zuwa 8,000 da suka wuce, damina ta fi ta yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba, har yankunan da suke hamada a yau suna da ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi na lokacin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin Najeriya. A shekarun 1960, lokacin da dattawan yanzu suka san tafkin a cike, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 25,000 ba.

Gaɓar wancan babban tafki tana nan har yau. Ita ce doguwar jigawar nan ta yashi da ta taso daga wajen iyakar Kamaru, ta bi ta Bama da Konduga da Maiduguri, ta nausa arewa maso yamma. Masana suna kiranta da sunan garin Bama. A kan wannan jigawa, kusa da Konduga, an tono tsingaron tukwane masu zane tare da gawayin da ya haura shekara 6,000, alamar cewa akwai mutanen da suka zauna a bakin ruwan suna girki. Shi kuwa ƙauyen Dufuna yana kusa da kogin Komadugu Gana ne, ɗaya daga cikin kogunan da ruwansu ke gangarawa zuwa tafkin. Samun maɗacin da zai ba da jirgi mai wannan tsawo, da kuma irin kyan sassaƙar gaba da bayan jirgin, sun nuna cewa akwai daji mai manyan itatuwa, kuma masu sassaƙar sun daɗe da ƙwarewa a sana'ar tun kafin a san ƙarfe.

Da ruwan sama ya fara raguwa, tafkin ya riƙa janyewa sannu a hankali, yana barin sabuwar ƙasa a bayansa. Tarihin zaman mutane a yankin, tarihi ne na bin sawun wannan ruwa mai janyewa.

Yadda ake karanta tudun kufai

Idan mutane suka daɗe a wuri guda suna gini da laka, ɗaki ya rushe a baje shi a gina wani a kansa, toka da shara su taru, a hankali wurin yakan zama tudu. Abin da ke ƙasa ya riga na sama, don haka mai bincike yakan yanka rami mai kusurwa huɗu, ya riƙa kankare ƙasa hawa-hawa, yana tankaɗe ta da rariya, yana rubuta zurfi da gurbin duk abin da ya fito. Tukunyar da aka ciro ba tare da an rubuta hawan da take ba ta yi asarar mafi yawan amfaninta ga ilimi.

Shekarun kowane hawa ana gano su ne ta gwajin kabon. Duk abu mai rai, tsiro ko dabba, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon muddin yana raye. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa bisa ƙa'ida tabbatacciya: rabinsa yana ɓacewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a jikin gawayi, ƙashi ko ƙwayar hatsi, sai a lissafa tsawon lokacin da ya shuɗe.

Batun abinci kuwa, ƙasusuwa ne ke nuna irin dabbobin da aka ci, na gida ne ko na daji, da irin kifin da aka kama. Tsirrai sun fi wuyar ganowa, domin ruɓewa suke yi, sai dai waɗanda suka ƙone suka zama gawayi. Akan zuba ƙasar da aka tono cikin ruwa, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama saboda rashin nauyi, a tace su, a shanya, sannan a duba su da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa.

Makiyaya sun riga manoma

A farkon shekarun 1990, ayarin masanan Maiduguri da Frankfurt ya gano wasu ƙananan tuddai kusa da Gajiganna, a Ƙaramar Hukumar Magumeri, arewa da Maiduguri. Da bincike ya faɗaɗa, aka sami wurare fiye da ɗari masu irin kayayyaki guda, aka kira al'adar mutanen da sunan garin.

Mutanen Gajiganna sun iso yankin ne wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a daidai lokacin da ruwa ya janye daga wurin, ya bar jigayi na yashi a tsakanin fadamu da tafkuna. Masana sun fi karkata ga cewa daga arewa suka gangaro, suna gudun bushewar Sahara, domin salon tukwanensu ya yi kama da na can, kuma da dabbobinsu suka zo. Mafi yawan ƙasusuwan da aka tono na shanu ne, sai awaki da tumaki. Akwai kuma ƙayar kifin da ke rayuwa a ruwa marar zurfi, irin su tarwaɗa, da ƙasusuwan namun daji. An sami ƙananan siffofin shanu da aka gina da yumɓu aka gasa, abin da ke nuna matsayin saniya a zukatansu.

Abin da ba a samu ba a matakin farko, wanda ya ɗauki kimanin shekara 300, shi ne alamar noma. Mazaunansu ƙanana ne, tarkacen da suka bari ba shi da kauri, kamar na mutanen da ba sa daɗewa a wuri. Wannan ya yi daidai da abin da aka gano a wasu sassan Afirka: a yankin Sahara da Sahel kiwo ya riga noma da dubban shekaru, saɓanin Gabas ta Tsakiya inda noman alkama da sha'ir ya zo tun da wuri. Makiyayan Gajiganna suna cin hatsi, amma na daji ne, tsabar ciyayi dangin sabe da shinkafar daji da ke fitowa da kanta a fadama.

Shaidar da ƙaiƙayi ya bari

Daga wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, al'amura suka fara sauyawa. Mazaunai suka ƙara girma, tarkace ya fara taruwa ya zama tudu, alamar zama na dindindin. Masu ginin tukwane kuma suka ɗauki wata sabuwar dabara: cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, kamar yadda magina ke cuɗa ƙasar gini da ciyawa domin kada ta tsage. Idan aka gasa tukunya, ƙaiƙayin yakan ƙone, amma gurbinsa yakan zauna a jikin yumɓun, da duk zanensa.

Wannan dabara ta zama babbar taska ga masu bincike, domin ƙonannun ƙwayoyin hatsi ba su wanzu da yawa a yashin Gajiganna ba. Masana tsirrai na Frankfurt, ƙarƙashin Katharina Neumann, sun bi tsingaro ɗaya bayan ɗaya suna duba waɗannan gurabe. A tsofaffin tukwane sun ga ƙaiƙayin ciyayin daji ne kawai. Daga wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya sai ga ƙaiƙayin gero, da farko jefi-jefi, daga baya ya rinjayi saura.

Ta yaya aka san geron noma ne ba na daji ba? Duk manomin da ya san shibra, wadda wasu ke kira shura, ya san amsar. Geron daji da danginsa suna zubar da tsabarsu da zarar ta nuna, domin ta haka suke yaɗuwa. Geron gida kuwa yana riƙe tsabarsa a jikin zangarniya har sai an yanke an sussuka. Wannan bambanci yana bayyana a gindin ƙaiƙayin: na daji yana da santsin wurin da ya ɓalle da kansa, na gida yana da ɗan guntun ƙara da ya karye wajen sussuka. Gurbin da ke jikin tsingaro yana nuna wannan.

Ba a Borno aka fara mayar da gero amfanin gona ba. Shaida daga kwarin Tilemsi, a arewacin Mali, ta nuna ana nomansa tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ke nan ya isa yankin Tafkin Chadi ne a matsayin iri da aka riga aka sarrafa. Abin lura shi ne mutanen ba su watsar da tsohuwar hanya dare ɗaya ba. Sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna haɗa noma da kiwo da su da tsintar hatsin daji, ta yadda idan ɗaya ya gaza, wani ya rufa asiri.

Ƙasar da babu dutse

Akwai wata matsala da ta fuskanci duk wanda ya zauna a wannan yanki kafin zuwan ƙarfe. Tsohon gindin tafki yashi ne da laka zalla, mutum zai yi tafiyar kwanaki bai ga dutse ba. Amma a kufan Gajiganna an tono duwatsun niƙa da gatura na dutse da kawunan kibau. Binciken irin duwatsun ya nuna cewa daga nesa aka kawo su, wasu daga tsaunukan Mandara da ke kudu, wasu daga duwatsun da ke kudancin tafkin a cikin ƙasar Chadi ta yanzu.

Dutsen niƙa kaya ne mai nauyi. Ɗauko shi daga nisan kilomita ɗari ko fiye yana nufin akwai hanyoyi sanannu da hulɗa tsakanin al'ummomi, ko ta musaya ko ta tafiye-tafiyen makiyaya. Saboda tsadarsa, akan yi amfani da dutse har ya sisiƙe, idan ya karye a mayar da gutsuren wani abin. Inda dutse ya gagara sai a koma ga ƙashi, a fiƙe shi a yi tsinke, mashi da abin kankare fata.

Zilum: rumbu da ganuwa

A farkon ƙarnonin da suka biyo bayan shekara ta 1000 kafin Miladiyya, manyan tuddan Gajiganna suka zama kufai. Wuraren da aka samu na wannan lokaci ƙanana ne, kamar mutane sun koma yawo, kuma masana suna danganta hakan da ƙaruwar fari. Sai kuma, tsakanin shekara ta 600 da ta 400 kafin Miladiyya, wani sabon abu ya bayyana.

Zilum, kimanin kilomita 60 arewa da Maiduguri, fili ne shimfiɗaɗɗe da tsingaro ya rufe, faɗinsa ya kai hekta 12. Tone irin wannan wuri gaba ɗaya ba zai yiwu ba, don haka masanin da ya jagoranci aikin, Carlos Magnavita, ya yi amfani da na'urar auna maganaɗisun ƙasa. Ana tafiya da ita a kan fili layi-layi, tana gano inda aka taɓa haƙa rami ko hura wuta, kwamfuta kuma ta fitar da taswirar abin da ke binne ba tare da an sa fartanya ba.

Taswirar ta nuna ɗaruruwan ramuka a cikin garin, da wani dogon gwalalo mai tsawon kusan kilomita guda da ya kewaye shi. Da aka tona wasu daga cikin ramukan, aka fahimci cewa da yawansu na ajiyar hatsi ne. An kuma sami manyan randunan ajiya, da ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. An ƙiyasta cewa mazauna garin sun kai tsakanin 1,750 da 3,500, adadin da ya sa Zilum cikin garuruwa masu kariya mafiya daɗewa da aka sani a kudu da Sahara. Duk wannan ya faru ne alhali mutanen garin ba su fara amfani da ƙarfe ba.

Alaƙar ramukan da gwalalon a fili take. Wanda ya tara abincin shekara ba ya iya tashi ya bar shi, kuma dole ya tsare shi. Haƙa gwalalo mai wannan tsawo da kayan aiki na dutse da ƙashi da itace yana buƙatar hannaye masu yawa da kuma wanda zai tsara aikin. Daga rumbu aka fara, aka kai ga ganuwa da shugabanci.

Daima da ƙasar firki

Gabas da nan, wajen Dikwa da Ngala, akwai shimfiɗaɗɗiyar baƙar laka da ake kira firki, wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ta tsattsage da rani. Ita ce ta ƙarshe da tafkin ya saki, don haka sai wajen shekara ta 1000 kafin Miladiyya mutane suka fara zama a kanta, a kan 'yan tsibiran yashi da ambaliya ba ta rufewa. Da yake wurin zama ya yi ƙaranci, sai zuriya bayan zuriya suka riƙa gini a wuri guda, tuddan suka yi tsawo ƙwarai. Mutanen yankin suna danganta su da Sau, mutanen da labarun gargajiya ke cewa ƙatti ne.

A 1965 da 1966, Graham Connah, masani ɗan Ingila da ke aiki da Jami'ar Ibadan a lokacin, ya yanka dogon rami a tudun Daima, kusa da iyakar Kamaru, tun daga ƙololuwa har zuwa gindinsa, zurfin kimanin mita 11. Ya tarar da tarihin zama na kusan shekara 1,700 jere a kan juna. A can ƙasa akwai makiyaya masu kayan aiki na dutse, da māsu na ƙashi masu ƙugiya domin sukar kifi. A tsakiya ƙarfe ya bayyana. A sama kuwa akwai kayan ado na tagulla da duwatsun wuya da aka kawo daga nesa, da ƙonannun ƙwayoyin dawa na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 Miladiyya. A wani tudun mai suna Kursakata, wanda ayarin Jamus ya tona daga baya, an sami gero tare da shinkafar daji da sauran tsabar ciyayi tun daga ƙananan hawa. A wannan ƙasa ta firki ce har yau ake dasa masakwa, dawar rani da ke rayuwa da danshin da laka ta riƙe bayan janyewar ruwa.

Abin da ake gudun rasawa

Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan wurare an tattara shi ne kafin 2009. Tun daga lokacin da rikicin tayar da ƙayar baya ya ɓarke a Arewa maso Gabas, zuwa yawancin wuraren domin bincike ya zama abu mai haɗari. Tuddan da aka tona kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba, kuma waɗannan suna fuskantar zaizayar ƙasa, ɗibar ƙasar gini, aikin hanya, da masu haƙar neman kayan sayarwa. Tun a shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan yumɓu da tagulla na Sau, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina, cikin jerin kayan tarihin Afirka da aka fi sacewa.

Asarar ta wuce ta kayan ado. Yankin Tafkin Chadi yana fama da ƙarancin ruwa da takaddama kan gonaki da makiyaya, kuma waɗannan tuddai su ne kaɗai rubutaccen bayanin yadda mutane suka rayu a wurin ta cikin sauye-sauyen yanayi na dubban shekaru, abin da suka shuka, abin da suka kiwata, da lokacin da suka tashi. Idan aka birkita hawa-hawan tudu, babu mai iya mayar da su.

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta tonon kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irin waɗannan kaya ya kai rahoto. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Ibadan da Nsukka da Jos suna horar da ɗalibai a wannan fanni. Sai dai manomi da makiyayi da mai haƙar rijiya su ne ke fara cin karo da abin da ke binne, kuma abin da suka yi a wannan lokaci shi ke yanke hukunci. Kwale-kwalen Dufuna yana ajiye a Damaturu a yau ne saboda mutumin da ya fara taɓa shi ya dakatar da haƙa, ya je ya faɗa.